Ziyarar jirgin Nautilus a Groton, da tsohon da ya yi shekara 63 yana aikin soja

A tarihin rundunar sojan ruwan Amurka ba a san wani jami'i da ya kai Hyman Rickover daɗewa a bakin aiki ba. Ya shiga a 1918 lokacin Woodrow Wilson yana mulki, aka sallame shi a ƙarshen Janairun 1982 lokacin Ronald Reagan, yana da shekara 82 a duniya. Ya yi aiki a ƙarƙashin shugabanni 13, goma sha biyu suka tafi suka bar shi. Kuma ba ɗan ƙasa ba ne na haihuwa. Yaron Bayahude ne, ɗan tela, wanda aka sauke daga jirgin baƙin haure a New York yana ɗan shekara shida.

Babban abin da ya bari, Nautilus, jirgin ƙarƙashin teku na farko a duniya mai aiki da makamashin nukiliya, yana nan ɗaure a bakin kogin Thames a garin Groton, jihar Connecticut, kowa na iya zuwa ya shiga cikinsa. Sunan wurin Submarine Force Library and Museum, rundunar sojan ruwa ce ke tafiyar da shi. Ba a biyan ko sisin kwabo a ƙofa, wurin ajiye mota ma kyauta ne. A ƙasar da ake karɓar kuɗi kafin ka ga kifi a cikin gilashi, wannan kaɗai abin faɗa ne.

Ni aikina gyaran boila ne a Bronx, tukwanen tururin da ke ɗumama manyan gidaje da hunturu. Da Kawu muka je, ƙanin mahaifiyata, tsohon samanja wanda ya cika shekara 35 ɗinsa a sojan Nijeriya ya ajiye kaki, ya zo mana ziyara, sai autana da ya maƙale sai an tafi da shi. Da na ce wa Kawu Rickover ya yi shekara 63 a soja, sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, aikin soja ne ko dai sarauta aka naɗa masa?"

Daga Bronx babbar hanyar I-95 za ka bi ka nufi gabas, tafiyar kamar awa biyu in hanya ta yi maka kirki. Kana haye gadar New London sai ka sauka, ka ɗan yi arewa, gidan yana dab da ƙofar sansanin jiragen ƙarƙashin teku. Ba sai ka shiga sansanin ba, don haka babu wata doguwar tantancewa irin ta bariki.

Abin da za ka fara gani a bakin ƙofa zobba biyu ne na ƙarfe, ƙarami a cikin babba. Ƙaramin yana nuna kaurin USS Holland, jirgin ƙarƙashin teku na farko da rundunar ta saya a 1900, shekarar da aka haifi Rickover. Babban kuma kaurin jiragen ƙarƙashin teku samfurin Ohio ne na zamanin nan, ƙafa 42. Wanda ya tsara wannan ya san aikinsa, domin ba ka buƙatar karanta ko kalma ɗaya, ido ya gama maka bayani. A farfajiya akwai ƙananan jirage na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, har da na Japan. A ciki akwai kwaikwayon Turtle, wata 'yar ganga ta katako mai cin mutum ɗaya wadda aka gwada kai wa jirgin Ingila hari da ita a 1776, da maduban leƙe na gaske waɗanda suka huda rufin ginin. Autana ya manne a jikin ɗaya yana neman motarmu a waje, da ƙyar aka ɓamɓare shi. Sashen nan yana da kyau, tsaf yake, amma ba shi ya kawo ni ba, ban daɗe a ciki ba.

Jirgin yana ƙarshen wata gajeriyar gada, baƙi wuluk, da lamba 571 a jikin hasumiyarsa. Tsawonsa kusan mita 98. An yi ɗan ɗakin gilashi a bayansa, daga nan matakala ta gangara da kai ɗakin makaman tofido, wato bama-baman da ake harba wa jirage ta cikin ruwa, inda bakunan harbi guda shida suke. Akwai bayanin murya da za ka riƙa saurara kana tafiya, da Turanci, ni na riƙa juya wa Kawu. Hanya ɗaya ce, ba ka ɓata: ɗakin cin abincin hafsoshi, 'yan ɗakunan kwanansu, wurin da ake leƙe da ba da umarnin hari, ɗakin tuƙi, sai wurin cin abincin ƙananan sojoji. An ajiye mutum-mutumi sanye da kaki a bayan gilashi, wani na tuƙi, wani na girki. Ba su yi kama da mutane sosai ba, amma suna nuna maka yadda wurin yake matsewa in jiki ya shiga. Gadajen kwana hawa-hawa ne kamar kantar mai tireda, tsakaninka da na samanka bai kai ka zauna ba. Sama da mutum ɗari ke rayuwa a nan. Kawu ya tsaya ya daɗe yana kallon gadajen, ya ce shi ya kwana a rami ya kwana a daji, amma ko yaushe yana ganin sama. Warin wurin ma na musamman ne, man inji da tsohon fenti da ƙarfe. Wanda ya taɓa aiki a ɗakin inji zai ji kamar ya zo gida.

To daga nan sai zagayen ya ƙare, a daidai inda ni nake so ya fara. Rabin jirgin na baya, inda murhun nukiliya da injina suke, a rufe yake, ba a shiga. Ba laifin kowa ba ne, sirrin soja ne da ka'idar kariya, kuma na fahimta. Sai dai mai ziyara ya sani cewa duk abin da ya gani a gaba, tofido da madubin leƙe da gadaje, tsoffin jirage ma suna da irinsu. Abin da ya bambanta Nautilus da duk wanda ya riga shi yana bayan wannan bangon, kuma shi ne aikin Rickover.

Bari in faɗe shi yadda mai boila zai faɗa. Jirgin ƙarƙashin teku na da injin dizal yake da shi da batir. Dizal na son iska, don haka dole ya taso sama ya kunna inji ya cika batir, sannan ya nutse na ɗan lokaci yana rarrafe. Murhun nukiliya ba ya shan iska. Ƙwayoyin yuraniyom ke tsagewa suna ba da zafi, zafin ya shiga ruwa, ruwan kuma an danne shi da matsi mai tsanani don kada ya tafasa. Wannan ruwan yana zagayawa a cikin bututu ta cikin wata tukunya daban, ya tafasa ruwa na biyu wanda bai taɓa haɗuwa da shi ba, tururin ya juya injin, injin ya juya farfela. Ke nan a ƙarshe aikin tururi ne, aikin bututu da bawul da walda da geji. Kuma duk mai wannan sana'a ya san cewa abin da ke kashe mutane ba babban abu ba ne, ɗan haɗi ne guda da wani ya ce "ai ya isa haka". Kafin Nautilus ya fara fita teku, ana gwaji a bakin tasha a 1954, wani ƙaramin bututun tururi ya fashe. Da aka bincika sai aka ga bututu ne mai ɗinkin walda a jikinsa, ba irin marar ɗinki da aka ce a saka ba. Aka bi duk bututun da ake shakka aka cire, aikin ya ja baya da watanni. Da na ba Kawu wannan labari bai ga abin mamaki ba. Ni kuwa na san sau nawa ake rufe irin wannan da tsumma a ce a ci gaba.

An haifi Rickover ranar 27 ga Janairu, 1900, a Maków Mazowiecki, wani ƙaramin gari a Polan, lokacin yana ƙarƙashin sarkin Rasha. Uban ya riga su tafiya Amurka neman abin yi. A 1906 uwar ta biyo shi da yara, a shekarun da ake yawan far wa unguwannin Yahudawa ana kashe su ana ƙona dukiyarsu a daular Rasha. Suka ɗan zauna a New York, suka koma Chicago. Yana ɗan shekara tara ya fara aikin kuɗi, yana riƙe wa wani maƙwabci fitila a kan santi uku a awa. Yana sakandare yana kai saƙonnin wayar tangarahu na kamfanin Western Union, a nan ya san ɗan majalisa Adolph Sabath, wanda shi ma Bayahude ne da ya yi ƙaura daga ƙasar Cek. Sabath ne ya ba da sunansa zuwa makarantar hafsoshin ruwa ta Annapolis, inda karatu kyauta ne. Mu da muka shigo ƙasar nan da jaka ɗaya mun san wannan lissafi: ba son teku ne ya fara kai shi ba, rashin kuɗin jami'a ne.

Ya gama a 1922, na 107 a cikin 540. Ya yi aiki a jiragen yaƙi, ya yi digiri na biyu a injiniyancin lantarki a Jami'ar Columbia, ya yi shekaru a tsoffin jiragen ƙarƙashin teku masu dizal, S-9 da S-48, ya shaƙi hayaƙinsu da tiririn batirinsu. Abin da ya ba Kawu dariya shi ne, wannan mutum da ya zama Admiral mai tauraro huɗu, jirgi ɗaya tak ya taɓa yi wa kwamanda, wani ɗan jirgin share nakiyoyi mai suna Finch, a gaɓar Sin a 1937, shi ma na 'yan watanni. Bai taɓa jan runduna zuwa fagen fama ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana Washington yana shugabantar sashen lantarki na ofishin gina jirage, yana faɗa da kamfanoni a kan kayan da ba su da inganci. Kaki ma ba ya son sawa, yawanci da kwat ɗin farar hula ake ganinsa. Masu rubuta tarihinsa sun ce bayan aurensa na farko a 1931 ya rubuta wa iyayensa cewa ya koma Kirista, amma hakan bai hana abokan aiki da jaridu ci gaba da kallonsa a matsayin Bayahude ba har ya mutu.

A 1946 aka tura shi cibiyar bincike ta Oak Ridge ya koyi sha'anin nukiliya, yana da shekara 46, lokacin da tsararrakinsa suka fara lissafin fansho. Daga nan ya kafe a kan cewa za a iya cusa wannan wuta a cikin jirgi. Ya yi dabarar da ta sa ya riƙe kujeru biyu a lokaci guda, ɗaya a rundunar ruwa, ɗaya a hukumar makamashin nukiliya ta farar hula, ta yadda in wannan ɓangare ya ƙi, sai ya ɓullo ta wancan. Aka gina murhun gwaji a hamadar Idaho, ya kama aiki a 1953. Shugaba Truman ya kafa harsashin jirgin a nan Groton a Yunin 1952, matar Shugaba Eisenhower ta ƙaddamar da shi a Janairun 1954, ranar 17 ga Janairu, 1955 kuma Kwamanda Eugene Wilkinson ya aika saƙon cewa sun tashi da ƙarfin nukiliya. A watan Mayun shekarar jirgin ya tafi daga New London har Puerto Rico a nutse, bai leƙo ba, cikin ƙasa da awa 90. Da yuraniyom ɗin farko da aka loda masa ya yi tafiyar sama da mil 60,000.

Ana tsakiyar wannan aiki ne kwamitin ƙarin girma ya tsallake shi sau biyu, 1951 da 1952. A ka'ida, kyaftin ɗin da aka yi wa haka sai ritaya. Wasu sun ce ƙyamar Yahudawa ce, wasu sun ce bakinsa ne, domin ba ya raga wa na sama da shi, kuma bai ɗauki al'adun rundunar a bakin komai ba. A ganina duka biyun sun haɗu, ɗaya ya ba ɗaya mafaka. Jaridu suka yi ca, 'yan majalisar dattawa suka riƙe jerin sunayen sauran hafsoshi, dole a 1953 aka ƙara masa girma zuwa matakin farko na Admiral. Tun daga ranar ya gane inda ƙarfinsa yake. Goyon bayan majalisa ne ya sa aka riƙa tsawaita masa wa'adi bayan ya wuce shekarun ritaya, shugabanni na so ko ba sa so.

Tafiyar da ta fi yi wa jirgin suna ita ce ta 1958, 'yan watanni bayan Tarayyar Sobiyat ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, ta kunyata Amurka. Nautilus ya tashi daga Pearl Harbor, ya nutse kusa da Alaska, ya ratsa ƙarƙashin ƙanƙarar ƙuryar arewacin duniya ranar 3 ga Agusta da mutum 116, ya ɓullo kusa da Greenland. Aka ɗauko kwamandan, William Anderson, zuwa fadar shugaban ƙasa aka yi biki. Rickover ba a gayyace shi ba. Sai da aka yi surutu sannan aka nemi afuwa, aka tura shi ya wakilci shugaban ƙasa a tarbar da aka yi wa jirgin a New York. Gidan tarihin ya ba wannan tafiya haƙƙinta, yara ma ita suka fi tsayawa a kai.

A wurin cin abincin sojoji muka tsaya muka yi musu da Kawu, har mutane suna ratsa mu suna wucewa. Na ba shi labarin yadda Rickover yake ganawa da duk hafsan da ke son shiga aikin nukiliya, shi da kansa, ɗaya bayan ɗaya, dubbai. An rage tsawon ƙafafun gaba na kujerar da ake zama don mutum ya riƙa zamewa yana amsa tambaya. Wanda ya ba da amsar banza a kan tura shi wani ɗan lungu ya zauna ya yi tunani. Jimmy Carter, tun yana ƙaramin hafsa, ya faɗa masa da alfahari cewa shi ne na 59 a cikin 820 a ajinsu. Tsohon ya tambaye shi ko ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Carter ya ce ba kullum ba, sai ya ce masa don me, ya juya masa baya. Kawu ya ce wannan ba horo ba ne, wulaƙanci ne, kuma shi ya ga irin waɗannan manya: suna daɗewa har su ɗauka rundunar gonarsu ce, na ƙasa su tsufa suna jiran gurbi. Ya ce soja na gari shi ne wanda ya san ranar tafiyarsa.

Na ce, "Kawu, ka duba sakamakon." Kusan duk sabon jirgin nukiliya da aka gina a zamaninsa, yana ciki ranar gwajin farko a teku, ya sa wuyansa inda ya sa na 'ya'yan mutane. Rundunar ta yi asarar jirage biyu, Thresher a 1963 da mutum 129, Scorpion a 1968 da mutum 99, kuma masifu ne manya, amma ba murhun nukiliya ne ya fashe ko ya narke ba. Sobiyat kuwa ta sha haɗurran murhu a jiragenta, sojojinta sun mutu da gubar haskensa. Wutar da ba ta yafiya tana son mutum mai kafiya a kanta. Kuma tashar lantarki ta Shippingport da ta fara aiki a 1957, shi ya jagoranci gina ta, irin tsarin murhunsa ne yawancin tashoshin nukiliyar duniya suke bi har yau.

Kawu bai sauka ba, ni ma ban sauka ba, amma inda na tsaya ke nan: majalisa ta yi daidai a 1953, ta kuma yi daidai da ta ci gaba da mara masa baya shekara da shekaru, sai dai a ƙarshe maganar Kawu tana da ƙafa. Mutumin da babu mai iya ce masa a'a, ko da gaskiyarsa ta fi yawa, wata rana zai zama matsala. Ya shafe shekaru yana zargin kamfanonin gina jirage da cutar gwamnati, kuma ba ƙarya ya yi ba, amma daga baya aka gano shi ma ya karɓi kyaututtuka daga ɗaya daga cikinsu, General Dynamics, na kimanin dala 67,000 cikin shekara 16, har aka rubuta masa takardar tsawatarwa a 1985. Sakataren rundunar John Lehman ne ya tsaya sai da aka sallame shi. A jawabinsa na ƙarshe a gaban majalisa, kwanaki kaɗan kafin ya tafi, ya ce ba ya alfahari da rawar da ya taka, ya yi ne don tsaron ƙasar ya wajabta, kuma da son samu ne da an nutsar da jiragen duka. Ya rasu ranar 8 ga Yuli, 1986, wata uku bayan an buɗe wannan gidan tarihi, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington. Jirage biyu aka sa wa sunansa, na biyun a nan Groton aka shigar da shi aiki a 2023.

Wurin ya cancanci tafiyar, musamman ga mai yara da mai sha'awar inji. Awa biyu sun isa a ga komai, cikin jirgin kansa bai wuce rabin awa ba in babu layi. Ana rufewa ranar Talata, lokutan buɗewa kuma suna canzawa tsakanin hunturu da bazara, don haka a duba shafinsu na intanet kafin a kama hanya. Matakalar jirgin a miƙe take, ƙofofin ciki kuma sai ka ɗaga ƙafa ka sunkuyar da kai lokaci guda. Kawu ya iya, amma da tsayawa yana hutawa. Mai ciwon gwiwa sosai ko mai keken guragu gara ya tsaya a ginin, akwai abin kallo da wurin zama. Babbar riga ba ta wurin ba ce, za ta maƙale a kowane ƙarfe, takalmi kuma a sa mai kama ƙafa. Wanda matsattsen wuri ke tayar wa hankali ya yi tunani kafin ya sauka, domin in mutane sun biyo bayanka ba ka da hanyar juyawa. Akwai ɗan shagon tsaraba, huluna da riguna da littattafai, farashinsa irin na kowane gidan tarihi. Mu da guzurinmu muka je, muka ci a mota, muka yi azahar a gefen wurin ajiye motoci babu wanda ya ce mana uffan. In ranar Lahadi ce a taso da wuri, domin I-95 takan cushe da yamma tun daga New Haven.